Komai Nisan Jifa: Rayuwar Mai Neman Abinci da Ƙarfin Damtse

 

Gabatarwa

Batun da aka ɗora mana mu yi magana a kansa shi ne rayuwar mutumin da ya mai da wasa sana'a, wanda kuma jarinsa duka bai wuce hannu ɗaya ba. Mutum biyu za mu ɗora a kan faifai. Na farko shi ne majefi, watau mai jefa ƙwallo a wasan nan na Amurkawa da ake kira besbol. Na biyu kuwa namu ne na gida, ɗan damben gargajiya, irin wanda ke tashi daga Jega ko Aliero ko Maiyama bayan an kai amfanin gona gida, ya rataya jakarsa ya shiga yawon dambe.

Mai yiwuwa wani daga cikinku ya ce, to, me ya haɗa kifi da kaska? Abin da ya haɗa su shi ne, dukkansu biyu ƙarfin damtse suke sayarwa, ƙarfin damtse kuwa haja ce mai saurin ƙarewa. Maƙeri yana iya riƙe masaba har furfura ta rufe shi, malami kuwa daɗa tsufa daɗa daraja. Amma majefi da ɗan dambe, a daidai shekarun da sauran mutane ke fara kafuwa a sana'a, a nan su tasu ke tsayawa. Manufar wannan jawabi ita ce mu nuna cewa abin da ke raba wanda ya ajiye wasa cikin rufin asiri da wanda ya ajiye shi cikin wahala, ba gwaninta ba ce, ba kuma laya ba ce. Tanadi ne, shi kuwa tanadi ƙafa uku gare shi: lissafi, da hutu, da haɗin kai.

Wane ne majefi?

Da yake ba a san wannan wasa a ƙasarmu sosai ba, ya kamata mu ɗan fayyace shi. Ana yin besbol ne tsakanin ƙungiyoyi biyu, kowace da mutum 9 a fili. Majefi yana tsayawa a kan wani ɗan tudu, ya jefa wata 'yar ƙwallo mai tauri, wadda nauyinta bai wuce giram 145 ko kusa da haka ba, zuwa ga abokin wasansa da ke tsugune yana jiran cafewa. A gaban mai cafewar akwai abokin hamayya riƙe da kulki, yana neman ya maka wa ƙwallon duka. Tsakanin majefi da inda mai kulki ke tsaye ƙafa 60 ne da inci 6, watau mita 18 da 'yan kai. Aikin majefi shi ne ya hana mai kulki samun ƙwallon, ko dai da tsananin gudu, ko da murɗiya wadda za ta sa ta karkace a iska.

Gwanayen majefa suna jifa da gudun da ya haura kilomita 150 a awa ɗaya, har ma a shekarar 2010 wani mutumin ƙasar Kuba mai suna Aroldis Chapman ya yi jifan da aka auna shi a wajen kilomita 170 a awa. Ƙwallon takan isa wurin mai kulki kafin rabin daƙiƙa ya cika. To, ku dubi wannan aiki, a ce mutum ya maimaita shi kusan sau 100 a yini ɗaya. Ba a halicci kafaɗar ɗan Adam da gwiwar hannunsa domin irin wannan fizga ba. Akwai wata 'yar jijiya a cikin gwiwar hannu wadda ke riƙe ƙasusuwan wurin, kowane jifa yana ja mata, yau da gobe har ta sassauta ko ta tsinke. Saboda haka ne a babbar gasar Amurka, inda kowace ƙungiya ke buga wasa 162 a shekara, majefin da ya buɗe wasa yau ba ya sake buɗe wani sai ya huta kwana 4 ko fiye, kuma akwai wanda aikinsa shi ne ƙirga jifan da ya yi ɗaya bayan ɗaya. Mu riƙe waɗannan abubuwa biyu, ƙirga da hutu, domin za mu komo kansu.

Hannu uku, ƙarshe uku

Bari mu kawo misalin majefa uku, domin mu ga yadda wannan sana'a ke ƙarewa.

Na farko shi ne Sandy Koufax na ƙungiyar Dodgers ta birnin Los Angeles, wanda bahago ne. A shekarar 1966 ya ci wasa 27, babu majefin da ya kama ƙafarsa. Amma gwiwar hannunsa ta riga ta lalace da ciwon gaɓɓai, sai da allurai da tsoma hannu cikin ƙanƙara yake iya ci gaba. A ƙarshen shekarar nan, yana da shekara 30 kacal, yana kan ganiyarsa, ya tara 'yan jarida ya ce ya ajiye wasa, domin yana son ya ci moriyar hannunsa a sauran rayuwarsa. Wannan ya san lokacin sauka, ya kuwa sauka da ƙafafunsa.

Na biyu shi ne Mark Fidrych na ƙungiyar Tigers ta birnin Detroit. A 1976, shekararsa ta farko a babbar gasa, ya ci wasa 19, jama'a suka riƙa cika fili domin kallonsa kawai. A shekara mai bi mata kafaɗarsa ta samu rauni, aka yi ta lallaɓawa ba a gano ainihin ciwon ba. Wasansa na ƙarshe a babbar gasa a 1980 ya yi shi, ba a kuwa tantance cewa naman kafaɗar ne ya yage ba sai a 1985, bayan bakin alƙalami ya bushe. Ya koma garinsu ya kama noma da tuƙin babbar mota. Shekara ɗaya tak ya yi yana haskawa.

Na uku shi ne Tommy John, shi ma bahago, shi ma na Dodgers a lokacin. A 1974 jijiyar nan ta gwiwar hannunsa ta tsinke, abin da a wancan zamani ke nufin sana'a ta ƙare. Sai wani likita mai suna Frank Jobe ya yi wata dabara da ba a taɓa yi wa majefi ba: ya ciro jijiya daga hannunsa na dama, ya dasa ta a gwiwar hagun. Tommy John ya yi shekarar 1975 cur bai yi wasa ba, yana jinya yana motsa hannun sannu a hankali. Ya komo a 1976, ya ci gaba har 1989, lokacin yana da shekara 46, ya kuma ci wasa 164 bayan aikin. Har yau da sunansa ake kiran wannan tiyata. Abin lura a nan shi ne, ba wuƙar likita kaɗai ta cece shi ba, har da haƙurin zaman shekara guda ba wasa. Wanda kuwa ba shi da abin da zai ci a shekarar jinya, ba shi da halin yin wannan haƙuri.

Ɗan dambe a ƙasarmu

To, yanzu mu komo gida. Dambe tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa, an kuma fi danganta asalinta da rundawa, watau mahauta, waɗanda kan bi garuruwa da kaka suna yanka suna kuma gwada ƙwanji. Ɗan dambe yakan naɗe hannunsa mai ƙarfi da ƙyalle, ya bi shi da zare har ya yi tauri kamar dutse. Wannan hannu shi ne mashinsa, ɗayan kuwa da yake miƙawa gaba a buɗe shi ne garkuwarsa. Ana yin turmi uku. Wanda aka buga ya kai ƙasa, ko da hannu ko gwiwa ya dafa, an kashe shi ke nan a yaren 'yan dambe. In kuwa an gama ba wanda ya faɗi, sai a ce turmi uku babu kisa. Kamar yadda bahagon majefi ke da tsada a Amurka saboda jifansa na zuwa ta inda ba a saba ba, haka bahagon ɗan dambe ke da kwarjini a nan, har kalmar ta zama laƙabi.

Garuruwanmu uku, Aliero da Jega da Maiyama, suna jere ne a yankin babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta nufi Koko da Yawuri. Ƙasa ce ta manoma da 'yan kasuwa, Jega kuwa tun ƙarni na 19, bayan da Buhari ɗan Abdussalami ya kafa ta, ta shahara da kasuwar da fatake ke nufa daga nesa. Duk inda kasuwa ta ci, mahauta suka taru, kuɗin kaka ya shiga hannu, to, kalangu ba ya nisa. Arewa da mu kaɗan ga Argungu, inda bikin kamun kifin da ya samo asali tun 1934 ke haɗawa da kokawa da dambe. Saboda haka yaron da ya tashi a wannan yanki ba ya rasa ganin fage tun yana ƙarami.

Sana'ar tana da matakai, kamar kowace sana'a. Yaro yakan fara da damben yara a dandali, kafin manya su fito. In an ga yana da zuciya, sai ya kama ubangida, ya riƙa ɗaukar masa jaka, yana taya shi ɗaurin hannu, yana koyon tsayuwa da kaucewa. Daga nan yake samun suna, a ce Shagon wane, ko Autan wane, ko Garkuwan wane, ko Bahagon wane. In ya fara kisa, makaɗa su yi masa take, ya riƙa fitowa yana kirari, masu kallo suna yi masa kari. Sai ya shiga ɗaya daga cikin ɓangarorin nan da aka sani a gidajen dambe, watau Kudu da Arewa da Guramaɗa da Jamus, ya kama hanyar Sakkwato, ko Kano, ko Dei-Dei ta Abuja, ko Legas. A da, wasan na kaka ne, da damina ta faɗi kowa ya koma gona. Yanzu kuwa akwai gidajen dambe na dindindin masu karɓar kuɗin ƙofa, ana sa gasar babur ko ta mota, ana ɗaukar wasan a waya duniya tana kallo ta intanet.

Jama'a, wannan sauyi shi ne gishirin maganarmu. Damina ita ce hutun da Allah Ya tsara wa ɗan damben dauri. Wata huɗu ko biyar hannu yana kan fartanya, ba ya dukan kowa, kai ma ba ya shan duka. Da dambe ya zama na kowane wata, sai kuɗi ya ƙaru, hutu ya ɓace, ba a kuma kawo wani abu ya maye gurbinsa ba.

Abin da kalangu ba ya faɗi

Duk wanda ya tashi a ƙasar Sakkwato da Kabi da Zamfara ya san waƙoƙin Muhammadu Bawa Ɗan'anace, ya kuma san sunayen Shago da Ɗandunawa da Ado Ɗankwaure. Waƙa ta yi musu abin da littafi bai yi ba, ta raya sunansu har jikoki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba mu zo nan domin mu rage wa makaɗa daraja ba. Sai dai waƙa ba rajista ba ce. Aikin makaɗi shi ne ya zuga, ya hana tsoro, ya sa mai rauni ya manta da rauninsa. Ba aikinsa ba ne ya ce, wane, jiya ka suma, yau kada ka shiga. Take yana kiran mutum zuwa fage, amma babu taken da aka yi domin kiran mutum zuwa hutu.

Alhali kuwa jiki yana nasa lissafin ko da mutane ba su yi ba. Hannun da ake naɗewa da zare yana ɗauke da ƙananan ƙasusuwa masu yawa, su ne ke karɓar nauyin kowane naushi, shi ya sa tsagewar ƙashi da gocewar wuyan hannu da ta kafaɗa ba baƙin abu ba ne a wannan sana'a. Wanda aka buga kuwa, haƙori da muƙamuƙi da ido da dodon kunne duk suna cikin hatsari. Mafi muni shi ne abin da ba a gani, watau ƙwaƙwalwa. Tun a 1928 wani likitan Amurka mai suna Harrison Martland ya bayyana yadda tsofaffin 'yan damben zamani ke komawa suna tangaɗi kamar mashaya, harshe ya yi nauyi, hannu yana rawa, saboda dukan kai da ya taru shekara da shekaru. A 2005 kuma wani likita ɗan Nijeriya, Bennet Omalu, ya wallafa binciken da ya nuna irin wannan lalacewa a ƙwaƙwalwar wani tsohon ɗan wasan ƙwallon zari-ruga na Amurka. Likitoci sun kuma tabbatar cewa duka na biyu da ya sauka a kai kafin na farko ya warke, shi ya fi kowanne haɗari. Mu kuwa a nan, in tsohon ɗan dambe ya fara mantuwa ko rawar jiki, sai mu ce sammu ne, ko kuwa asirin da ya sha ne ya juye masa.

Ta fuskar dukiya ma haka abin yake. Kuɗin dambe kuɗin rana ɗaya ne. Abin da aka samu na kari da na gasa, akwai rabon ubangida, da na makaɗa, da na yara, da na mai ba da sa'a, ga kuma hidimar zaman bariki a garin da ba naka ba. Mai suna ba ya iya rowa, domin kyauta tana cikin abin da ke riƙe sunan. Ranar da hannu ya karye kuwa, kuɗin ƙofa bai tsaya ba, an dai sa wani a gurbinsa. Daga nan sai a ɗauko shi a mota a kawo shi gida, nauyinsa ya koma kan tsohuwarsa da matarsa da ƙannensa, waɗanda ba su ci ko kwabo daga tafin da aka yi masa a birni ba.

Yadda majefa suka ƙwaci kansu

Kada mu ɗauka cewa 'yan wasan Amurka sun tashi ne suka tarar da gata a shimfiɗe. Kusan shekara 100, tun daga 1879, akwai wani sharaɗi a takardar ɗaukarsu aiki wanda ya ɗaure ɗan wasa ga ƙungiya ɗaya muddin tana son sa. Mai ƙungiya shi ke yanka albashi, in ya ga dama ya sayar da kai ga wata ƙungiya, in hannunka ya mutu ya sallame ka. Baƙar fata kuwa ko shiga babbar gasar ba a bari su yi ba sai a 1947, shi ya sa shahararren majefin nan Satchel Paige bai samu shiga ba sai a 1948, yana da shekara 42, bayan ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana yawon wasa gari gari, kamar dai yadda namu ke yawon dambe.

Abubuwa uku suka sauya wannan hali. Na farko, a 1947 aka kafa asusun fansho na 'yan wasa. Na biyu, a 1966 ƙungiyar 'yan wasan ta ɗauko wani masanin harkar ƙwadago mai suna Marvin Miller ya shugabance ta, a 1968 kuma suka ƙulla yarjejeniyar farko da masu ƙungiyoyi, wadda ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga dala 6,000 zuwa dala 10,000 a shekara. Na uku, a watan Disamba na 1975, wasu majefa biyu, Andy Messersmith da Dave McNally, suka yi nasara a gaban mai sasanci, aka warware wancan ɗauri, ɗan wasa ya samu 'yancin sayar da gwanintarsa inda ta fi daraja. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka samu da ƙarfin damtse. Da taro aka same su, da takarda, da kuɗin da kowa ya riƙa zubawa. Hausawa sun riga sun faɗa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Duk da haka ba mu ce tsarinsu ba shi da aibi ba. 'Yan ƙananan gasa, waɗanda su ne mafi yawa, sun daɗe cikin ƙaramin albashi, ba su shiga inuwar ƙungiyar ba sai a 2022. Ana ɗaukar yara 'yan shekara 16 daga ƙasashe matalauta irin su Jamhuriyar Dominika, kaɗan su kai gaci, saura a sallame su ba ilmi ba sana'a. Bugu da ƙari, kwaɗayin jifa mai gudu ya sa tiyatar nan ta Tommy John ta zama ruwan dare, har ga samari 'yan makaranta. Ashe ke nan ko'ina kuɗi ya shiga wasa, jikin matashi shi ne itacen da ake hura wutar da shi. Abin koyi a wurinsu shi ne dabarun rage ɓarna, ba wai sun kawar da ita ba.

Abin da muke da shi a gida

Wani zai ce, ai waɗannan masu dala ne, mu ina muka ga halin yin haka? Amsa ita ce, ƙirga ba ta bukatar dala, hutu ma haka. Kuma ba hannu sake muke ba.

Da farko, garin Aliero ya yi suna wajen ɗori, ana kawo masu karaya daga sassan Nijeriya da ƙasashen maƙwabta. Wannan ilmi ne na gado wanda ya san ƙashi da hannu, ya kuma san haƙurin jinya. A garin nan kuma akwai jami'ar kimiyya da fasaha da Jihar Kebbi ta kafa a 2006. Gari ɗaya ya haɗa mai ɗori da mai nazarin kimiyya, abin da ya rage shi ne su zauna a tabarma ɗaya. Mai ɗori ya san karaya, amma hoton ƙashi yana nuna tsagewar da yatsa ba ya ji, raunin ƙwaƙwalwa kuwa ba a ɗora shi da kara, sai asibiti.

Na biyu, muna da sana'o'in komawa. Albasar Aliero ta kai kasuwannin kudu da na ƙetare, ga shinkafar fadama, ga kasuwar Jega, ga gonakin Maiyama, ga kuma fawa wadda ita ce uwar damben tun asali. Ɗan damben dauri bai taɓa sakin wuƙar fawa ko fartanya ba. Na yanzu ne ke ganin komawa gona kamar faɗuwa ce.

Na uku, muna da misali a maƙwabta. A Jamhuriyar Nijar, tun 1975 hukuma ta ɗauki kokawa ta yi mata gasar ƙasa, aka fara a Tawa, inda Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko. Kowace jiha tana tura 'yan kokawarta, akwai alƙalai, akwai doka a rubuce, an kuma san wanda ya ci a kowace gasa. Jihar Doso, wadda ta fitar da zakara irin su Isaka Isaka, iyaka ɗaya ce tsakaninta da Jihar Kebbi. Abin da ya yiwu a Doso ba zai gagara a Jega ba.

Shawarwari

Saboda haka muna ba da shawarwari guda biyar.

Ta ɗaya, kowane ɗan dambe ya mallaki ɗan littafi, a riƙa rubuta ranar da ya yi wasa, da wanda ya kara da shi, da yadda aka tashi, da raunin da ya samu. Sarkin dambe ko mai gidan dambe ya sa hannu. Wannan shi ne ƙirgar jifa tamu.

Ta biyu, duk wanda aka buga har ya suma ko ya ruɗe, kada a bari ya sake ɗaura zare sai bayan wata guda aƙalla, kamar yadda ake yi a damben zamani, kuma sai likita ya duba shi. Gidajen dambe su haɗa baki a kan wannan, domin kada wanda aka hana a Jega ya je ya shiga a Sakkwato.

Ta uku, a riƙa haɗa tsara da tsara, a nauyi da shekaru. Jefa yaro gaban ƙato domin a burge 'yan kallo ba jarunta ba ce, ganganci ne da ran ɗan mutane.

Ta huɗu, 'yan dambe su kafa asusu nasu na kansu. Adashi ba baƙonmu ba ne. A ware wani kaso sananne daga kuɗin ƙofa na kowane wasa, a ajiye shi a banki da sa hannun mutum uku, domin jinyar wanda ya karye da jarin wanda ya ajiye zare. Ƙananan hukumomin Jega da Aliero da Maiyama suna iya sa wannan ya zama sharaɗin ba da izinin buɗe fage.

Ta biyar ta shafe mu ne, mu ɗalibai. A cikinmu akwai masu karatun lissafi, da kimiyyar jiki, da na'ura mai ƙwaƙwalwa, da harshe. Kusan kowannenmu yana riƙe da wayar da ke ɗaukar murya. A unguwanninmu akwai dattawan da suka taɓa ɗaura zare, wasu suna rumfar mahauta, wasu suna zaune a zaure. Mu je mu gaishe su, mu ce, Baba, a ba mu labari: shekara nawa aka yi ana yi, me aka samu, me ya rage, me kuma jiki ke faɗi yanzu? In muka tara wannan, mun rubuta tarihin da waƙa ta tsallake, mun kuma samu hujjar da za mu ajiye a gaban hukuma.

Kammalawa

Malam Shugaba, mun sani a cikin wannan zaure akwai masu ganin dambe abin alfahari ne na gado, akwai kuma masu ƙyamarsa saboda dukan fuska da tsaface-tsafacen da ke raɓe da shi. Wannan muhawara ce mai tushe, malamai kuma sun fi mu sanin hukuncinta. Amma ko wane ɓangare mutum ya tsaya, samarin nan suna nan, ƙannenmu ne, wasunsu ajinmu ɗaya a firamare kafin hanya ta rabu. Bana ma da an gama girbi za su ɗaura zare. Mai son dambe ya kamata ya so ɗan dambe har bayan ya daina kisa, mai ƙin dambe kuwa bai kamata ya ƙi a yi wa mai rauni magani ba.

Koufax ya sauka da kansa yana da shekara 30, Fidrych ciwo ya sauke shi, Tommy John kuwa ilmi da haƙuri suka ƙara masa shekara 14 a fili. Dukkansu dai sun sauka, domin komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Ba mu da ikon hana shi faɗowa, amma muna da ikon share wurin da zai faɗa, tun yana sama, domin ba a fafe gora ranar tafiya.